Jiragen da Suka Nutse da Iyalai: Tsakanin Wanda Ya Loda da Wanda Ya Harba

A farkon watan Satumba na 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka fara yi wa birnin Landan ruwan bama-bamai, dare bayan dare. A unguwar Brixton da ke kudancin birnin, bam ya rushe gidan wasu ma'aurata masu 'ya'ya da yawa. Sun tsira da rayukansu, amma duk abin da suka mallaka ya tafi. Cikin wannan hali aka ba biyar daga cikin 'ya'yansu gurbi a shirin gwamnati na kwashe yara zuwa Kanada, inda ba a jin ƙarar bam. Wace uwa ce za ta ƙi? Ranar 13 ga Satumba yaran biyar suka bar tashar Liverpool a cikin wani jirgin fasinja mai suna City of Benares. Bayan kwana huɗu, babu ko ɗayansu a raye.

Yara 90 ne na wannan shiri a cikin jirgin, daga masu shekara 5 zuwa 15. Jirgin yana jan gaban wani ayarin jiragen kasuwanci, kuma jiragen yaƙin da suka rako ayarin sun juya tun farkon ranar 17 ga wata, don su taryi wani ayarin da ke shigowa. An ɗauka an wuce inda haɗari yake. Saboda haka a daren nan aka bar yaran su kwanta da kayan barci, maimakon cikakkun tufafin da suke kwana da su tun da aka taso. Wajen ƙarfe goma na dare, ana iska mai ƙarfi, teku na tumbatsa, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-48 ya saki tofido, wato bam ɗin nan mai gudu a cikin ruwa. Ya sami jirgin ta baya, kusa da inda yaran suke kwance. Cikin kamar rabin sa'a jirgin ya nutse.

Yawancin yaran ba fashewar ce ta kashe su ba. Kwale-kwalen ceto da dama sun karkace tun ana sauke su, suka zubar da mutane. Waɗanda suka sauka lafiya ruwa ya cika su har ƙugu, yaran suka kwana zaune cikin ruwan sanyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a hannun masu kula da su. Sauran jiragen ayarin kuwa suka watse, domin umarnin da aka ba su ke nan: kada kowa ya tsaya ɗaukar mutane, kada shi ma a harbe shi. Sai da yammacin washegari jirgin yaƙi Hurricane ya iso. Wasu 'yan mata biyu sun kwana sun wuni riƙe da igiyar kwale-kwalen da ya kife. Akwai kuma kwale-kwale na 12 da aka yi kuskure wajen ƙirga, aka lissafa na wani jirgin daban a madadinsa, aka tafi aka bar shi. Kwana takwas ya yi yana yawo a Tekun Atlantika da mutum arba'in da wani abu, ciki har da yara maza shida da wata malamar fiyano da ta riƙa murza musu ƙafafu tana ba su labari guntu-guntu kowane dare don kada su sare, har wani jirgin sama ya hango su. Cikin yara 90, 77 suka mutu. Jimillar mamatan ta kai kusan 260, kuma wajen ɗari daga cikinsu ma'aikatan jirgin ne 'yan Indiya, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana ba da labarin. Su ma suna da mata da 'ya'ya da ke jiransu.

Birtaniya ta kira wannan kisan gilla. Jamus ta ce jirgin yana tafiya cikin ayarin yaƙi, fitilunsa a kashe, da bindiga a jikinsa, babu wata alama da ke nuna yara ne a ciki, kuma gwamnatin da ta tura yara cikin filin daga ita ce mai laifi. Abin da ke sa lamarin ya yi nauyi shi ne, duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu. Kuma kusan duk jirgin fasinjan da aka nutsar a yaƙe-yaƙen duniya biyu, wannan musun ne ake maimaitawa.

Don a gane yadda aka kai nan, sai an koma ga tsohuwar ƙa'idar teku. Tun zamanin jiragen da iska ke turawa, al'adar ita ce jirgin yaƙi ba ya harbin jirgin kasuwanci ko na fasinja kai tsaye. Zai yi harbin gargaɗi, ya tsayar da shi, ya tura mutane su duba takardu da kaya. In na abokan gaba ne, ya kama shi ya kai tasha. In kuwa dole sai an nutsar, to sai an fara fitar da mutanen ciki an kai su inda za su tsira. Wannan ƙa'ida ta dace da babban jirgin yaƙi mai sulke da wurin ajiye mutane. Jirgin ƙarƙashin ruwa kuwa wata halitta ce daban. Jikinsa ba kauri, harsashin igwa ɗaya ya ishe shi, mutanensa talatin zuwa hamsin a cunkushe, ba shi da inda zai sa fasinja ko goma. Ƙarfinsa duka a ɓoyewa yake. Da zarar ya fito fili ya ce a tsaya, ya zama abin farauta.

Birtaniya ta san haka, ta kuma yi amfani da shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ɗora bindigogi a kan jiragen kasuwanci, ta umarci kyaftin-kyaftin su banke duk jirgin ƙarƙashin ruwan da ya fito gabansu, ta kuma ƙirƙiro jiragen tarko masu kama da na 'yan kasuwa alhali bindigogi ne a ɓoye a cikinsu. A lokaci guda ta toshe hanyoyin ruwan Jamus har abinci ya daina shiga, yunwa da cututtukanta suka kashe ɗaruruwan dubban fararen hula. Jamus ta ce tunda haka ne, ita ma za ta yanke wa Birtaniya abinci ta hanyar da take iyawa. A watan Fabrairu na 1915 ta ayyana ruwan da ke kewaye da Birtaniya a matsayin filin yaƙi.

Ɗaya daga cikin jiragen fasinjan farko da abin ya rutsa da su, hanyarmu ya nufo. Falaba, na kamfanin Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma, an nutsar da shi ranar 28 ga Maris 1915. An yi masa gargaɗi, amma mintocin da aka bayar ba su isa ba, ana cikin sauke kwale-kwale aka saki tofido, mutum 104 suka mutu. A Nuwamba 1917 wani jirgin kamfanin, Apapa, wanda ya taso daga Legas, ya gamu da irin wannan ƙaddara dab da isa gida, mutum 77 suka rasu.

Amma wanda ya girgiza duniya shi ne Lusitania. Ya taso daga New York ranar 1 ga Mayu 1915, ranar da ofishin jakadancin Jamus ya buga sanarwa a jaridun Amurka cewa duk mai shiga jirgin Birtaniya ya kuka da kansa. Ranar 7 ga wata, ana hango gaɓar Ireland, tofido ɗaya ya same shi, wata fashewa ta biyu ta biyo baya daga ciki, cikin minti 18 jirgin ya tafi. Daga kwale-kwalen ceto 48, shida kawai aka iya saukewa yadda ya kamata. Kusan mutum 1,200 suka mutu, 128 Amurkawa, yara kusan ɗari. Akwai wani magidanci daga Philadelphia da ya shiga da matarsa da 'ya'yansu shida da mai rainonsu. Babu wanda ya fita. Gida guda ya rufe a cikin minti 18. A ƙarƙashin ɗakunan da waɗannan mutane suke kwana kuwa akwai akwatuna fiye da 4,000 na harsasan bindiga, harsashi sama da miliyan huɗu, za a kai wa sojojin Birtaniya. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kyaftin ɗin U-20, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus da ya yi harbin, ya ga ƙaton jirgin fasinja da idonsa ya harba. Waɗanda suka haɗa jarirai da harsasai a jirgi ɗaya, suka aika shi cikin ruwan da suka san ana farauta ba tare da rakiya ba, su ma sun san abin da suke yi.

Bayan yaƙin manyan ƙasashe suka zauna don gyara. Yarjejeniyar Landan ta 1930, da ƙarin da aka yi mata a 1936, sun faɗa ƙarara cewa jirgin ƙarƙashin ruwa dole ya bi ƙa'ida ɗaya da jirgin saman ruwa: ba nutsarwa sai an kai fasinjoji da ma'aikata da takardun jirgi wurin aminci. Har aka ƙara da cewa kwale-kwalen ceto ba wurin aminci ba ne, sai in teku a kwance take kuma akwai tudu ko wani jirgi a kusa. Jamus ta sa hannu. Wannan alkawari bai kwana ko ɗaya ba a yaƙi na biyu. Ranar 3 ga Satumba 1939, sa'o'i kaɗan bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi, U-30 ya harbi Athenia, jirgin da ke cike da mata da yara masu gudu zuwa Kanada, mutum 117 suka mutu. Jamus ta musanta, aka sauya shafin littafin aikin jirgin da ya yi harbin, ministan farfagandar Jamus, Goebbels, ya ce Churchill, ministan sojan ruwan Birtaniya a lokacin, shi ne ya nutsar da jirginsu da kansa. Sai bayan yaƙi gaskiya ta fito.

Akwai lokaci guda da wani kwamanda ya gwada yin abin da ya dace, kuma yadda aka ƙare ya rufe ƙofar ga kowa. A Satumba 1942, a tekun da ke yamma da Afirka, U-156 na Jamus ya nutsar da jirgin Birtaniya Laconia, wanda ke ɗauke da mutum kusan 2,700, ciki har da fursunonin yaƙi 'yan Italiya kusan 1,800 da mata da yara. Da kwamandan, Werner Hartenstein, ya gane waɗanda ke cikin ruwan, sai ya fito fili ya shiga kwasar mutane, ya aika saƙon rediyo da Ingilishi yana neman duk jirgin da ke kusa ya zo a yi ceto, ba zai taɓa shi ba. Ya shimfiɗa tutar Red Cross, yana janye da kwale-kwale a bayansa. Bayan kwana huɗu wani jirgin saman Amurka daga tsibirin Ascension ya zo ya jefa masa bama-bamai, da mutanen da ya ceto a kansa. Washegari shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin ruwa ta Jamus, Karl Dönitz, ya ba da umarni cewa daga yau babu ceto ko kaɗan.

Mafi muni duka ya faru ne a ƙarshen yaƙin, kuma mutane da yawa da suka san labarin Titanic ba su taɓa jin sunansa ba. A Janairu 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet sun kutsa gabashin Jamus, fararen hula suka kwararo bakin Tekun Baltik cikin ƙanƙara, da amalanke da ƙafa, kowa na neman jirgi. A tashar Gotenhafen, wadda yau ake kira Gdynia a ƙasar Folan, akwai Wilhelm Gustloff, jirgin shaƙatawa da aka ƙera don ɗaukar mutum ƙasa da 2,000. An fara rubuta sunayen masu shiga, da mutane suka yi yawa aka daina. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya tashi da mutum fiye da 10,000, galibinsu mata da yara da tsofaffi. Mutane a kan matakala, a lunguna, a ɗakin cin abinci. Har tafkin wankan jirgin aka zubar da ruwansa aka shimfiɗa wa matasan mata masu yi wa rundunar ruwa hidima.

Daren 30 ga Janairu, ana sanyin da ruwa ke daskarewa a kan igiya, shugabannin jirgin suka sami labarin wasu jiragen share nakiya na tahowa, suka kunna fitilu don kada a yi karo. Fitilun ne jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet, S-13, ya bi. Tofido uku suka shiga, na biyu ya faɗa daidai tafkin wankan nan. Kwale-kwalen ceto da yawa sun daskare a maƙalarsu, sai da aka riƙa sara. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin ƙananan yara da aka sa wa rigunan ruwa na manya, rigar ta juya su, kai a cikin ruwa ƙafafu a sama. Cikin kamar sa'a guda jirgin ya nutse. An ceto mutum wajen 1,250. Kimanin 9,000 suka mutu, ninki shida na Titanic, kuma babu wani jirgi guda a tarihi da aka san ya ci rayuka haka.

To laifin yaƙi ne? Yawancin masana shari'a, har da na Jamus, sun ce a ma'aunin doka ba haka ba ne. Jirgin ba shi da alamar asibiti, yana da bindigogin kakkaɓo jiragen sama, kuma yana ɗauke da sojojin ruwa fiye da 900 na rundunar jiragen ƙarƙashin ruwa. Rashawa kuma suna da nasu miki: a Nuwamba 1941 jirgin saman Jamus ya nutsar da jirginsu mai suna Armenia a Bahar Aswad, da majinyata da masu gudun hijira aƙalla 5,000, mutum takwas kacal suka tsira. Kwamandan S-13, Alexander Marinesko, an ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet a 1990, bayan mutuwarsa. Ni dai ban iya karanta wannan hukunci na masana na ji zuciyata ta kwanta ba. Gwamnatin Hitler ta hana mutanen gabas tashi tun da sauran lokaci, tana kiran mai shirin gudu maci amana, sai da wuta ta iso ƙofa aka cusa su jirgi ɗaya da sojoji. Uwar da ta riƙe 'ya'yanta uku ta hau matakalar nan ba a tambaye ta ko ta yarda a haɗa ta da bindiga ba. Gaba kura, baya sayaki. Dokar da ta ce jirgin halal ne a harba ba ta da abin da za ta faɗa mata.

A can gabas ma haka aka yi. Tun ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, 7 ga Disamba 1941, Amurka ta umarci jiragenta na ƙarƙashin ruwa su harbi duk jirgin Japan ba gargaɗi. A Agusta 1944 hukumomin Japan, suna shirin yaƙi a tsibirin Okinawa, suka matsa wa makarantu su kwashe ɗalibai. Malamai suka bi gida-gida suna lallashin iyaye. Daren 22 ga wata jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka Bowfin ya nutsar da Tsushima Maru, jirgin da ke ɗauke da ɗaliban. Mamatan da aka san sunayensu sun haura 1,400, kusan 780 daga ciki 'yan makaranta. Abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai: an umarci waɗanda suka tsira su yi gum. Yaron da ya ga abokan ajinsa sun nutse ba shi da ikon faɗa wa kowa, iyaye a Okinawa suka yi ta jiran wasiƙa daga 'ya'yan da suka riga suka mutu.

Da aka gurfanar da Dönitz a kotun Nuremberg, lauyansa ya nemo rubutacciyar shaida daga Admiral Chester Nimitz na Amurka, wanda ya amsa cewa su ma haka suka yi a Tekun Fasifik tun ranar farko, kuma ba sa tsayawa ceto in zai jefa jirginsu cikin haɗari. Kotun ta sami Dönitz da saɓa yarjejeniyar 1936, amma ta ce ba za ta gina hukuncinsa a kan wannan ba. Shekara goma da aka ɗaure shi, na wasu laifuffukan ne. Laifi tudu ne, kuma a wannan karon masu shari'ar sun ga cewa a kan nasu tudun suke tsaye. Sakamakon shi ne, nutsar da jirgin fasinja ba gargaɗi ya wuce ba tare da an hukunta wani babba a kansa ba.

Hujjar da kwamandoji suka fi kawowa ita ce, ba su san akwai yara a ciki ba. Na yarda da yawansu ba su sani ba. Mutumin da ke leƙe ta ɗan madubi cikin duhu inuwa kawai yake gani. Amma tsarin da aka ɗora shi a kai an gina shi ne don kada ya sani. Tsohuwar ƙa'ida ta tsayarwa da dubawa, amfaninta ke nan: ta tilasta wa mai harbi ya ga fuskokin waɗanda zai kashe kafin ya yanke shawara. Da manyan hafsoshi suka soke ta, sun san cewa cikin kowane jirgi ɗari akwai wanda zai kasance cike da iyalai, suka amince da wannan farashi tun daga ofis. Haka su ma na ɗaya ɓangaren. Kafin City of Benares da makonni biyu da 'yan kwanaki, an harbi wani jirgi mai suna Volendam ɗauke da yara 320 na wannan shirin, Allah ya tsare dukansu. Gargaɗi ya isa, amma aka ci gaba, har biyu daga cikin yaran Volendam aka sake sa su a City of Benares. Sai da 77 suka mutu aka dakatar da shirin.

Dokokin yau sun fi na da bayani. Yarjejeniyar Janiba ta biyu ta 1949 ta wajabta neman waɗanda jirgi ya nutse da su, kuma kundin San Remo na 1994 kan dokokin yaƙin teku ya sa jirgin fasinja cikin waɗanda ba a taɓawa, muddin fararen hula kaɗai yake ɗauke da su. Wannan "muddin" ita ce ƙofar da aka bi a Lusitania da Gustloff, kuma mabuɗinta yana hannun mai loda jirgi, wanda a lokacin yaƙi kullum jiragensa ba sa isarsa.

Mutuwar teku tana da wani ɗaci nata. Bam ɗin da ya faɗa gari yakan bar gawa a yi mata sutura, ya bar kabarin da za a ziyarta, sau da yawa ya bar wani daga cikin gidan da zai ba da labari. Jirgi kuwa iyali sukan shige shi tare, a ɗaki ɗaya, su tafi tare. A Gustloff dubban mutane ba a rubuta sunansu ba da suka shiga, garuruwan da suka fito sun koma hannun wasu ƙasashe, danginsu sun watse, har ba a sami wanda zai je ya ce wance da 'ya'yanta ba su iso ba. Jirgin yana nan kwance a zurfin kimanin mita 45 a gaɓar Folan, an ayyana shi maƙabarta, an hana masu nutso kusantarsa. Tsushima Maru sai a 1997 aka gano inda yake, a zurfin kusan mita 870. A 2004 aka buɗe masa gidan tunawa a birnin Naha, inda aka jera hotunan mamatan a bango. Yara da yawa sunansu kawai aka rubuta, domin gidajen da hotunansu suke sun ƙone a yaƙin da ya cinye Okinawa bayan tafiyarsu.